Bududa a Cikin Damina

Garin Mbale yana gabashin Yuganda, a gindin Dutsen Elgon. Duk inda mutum ya tsaya a cikinsa, in ya ɗaga kai zai ga ƙaton ɓangaren dutsen da ake kira Wanale ya yi wa garin rumfa, ruwa yana gangarowa daga goshinsa fari fat. Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni can, a Jami'ar Musulunci ta Yuganda, wadda aka buɗe a 1988, wadda kuma 'ya'yanmu na Arewa da dama suka yi karatu a cikinta. Da aka gama hidima jama'a suka watse, sai yaron ya zo mini da wani abokin karatunsa, ɗan ƙabilar Bagisu, ya ce, "Kawu, gidan su wannan a Bududa yake, mahaifinsa kuma ya ce lallai mu je ka sha ruwan gidansu kafin ka koma."

Sunan Bududa ba baƙo ba ne a kunnena. A rediyo na san shi, kuma ban taɓa jin an ambace shi ba sai tare da adadin mamata. Zumunci ya sa na amsa gayyatar, amma a raina akwai tambayar da duk mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai yi: me ke zaunar da mutum a wurin da ƙasa take zaftarewa ta binne shi da iyalinsa?

Da hantsi muka bar Mbale a motar haya, muka bi ta Bubulo, muka shiga kwarin Kogin Manafwa. Ruwan kogin ja ne jawur, don ƙasar gonakin sama yake ɗauke da ita. Inda mota ta gaza muka hau acaɓa, wanda su suke kira boda-boda, inda acaɓa ya gaza muka taka da ƙafa. Ban taɓa ganin shuka ta yi kore shar irin na wurin nan ba. Ayaba, kofi, wake, masara, rogo, kabeji, albasa, kowanne ya samu gurbi, tun daga bakin ƙorama har can kan tudu inda hazo ya lulluɓe. Babu fegi ɗaya da aka bari ya huta. Gidajen ba a dunƙule suke ba irin na ƙauyukanmu. Kowane magidanci yana tsakiyar gonarsa, ga rufin kwano nan yana ƙyalli, ga wani a samansa, ga wani a saman wancan, a gangaren da baƙo sai ya dafa ƙasa kafin ya hau. A tsakanin koren nan ne ido yake faɗawa kan tabban: dogayen filaye jajaye da suka taso daga sama suka sauko har kwari. Wasu sababbi ne, wasu ciyawa ta fara rufe su, wasu kuwa har an koma an shuka wake a kansu.

Elgon tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu tun miliyoyin shekaru. Ƙololuwarsa, Wagagai, tana da tsayin mita 4,321, iyakar Yuganda da Kenya kuma ta kansa ta ratsa. Bagisu suna kiransa Masaba, sunan kakan da suke danganta asalinsu gare shi. Abin da dutsen ya amayar a zamanin da, shi ne ya ruɓe ya zama ƙasar da suke nomawa yau, mai zurfi, mai albarka. Ruwan sama kuwa kan kai kimanin milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, a damina biyu, ɗaya daga Maris zuwa Mayu, ɗayar kuma wajen ƙarshen shekara. Kofin Arabika da ake nomawa a gangaren nan yana cikin mafi daraja a ƙasar, tun 1954 kuma manomansa suke da babbar ƙungiyar gama-kai ta Bugisu da ke saye tana fitarwa. Da kuɗin kofin nan abokin ɗan yayata ya yi karatu har jami'a.

Albarkar ce ta tara jama'a. Ƙidayar 2014 ta samu mutum sama da 210,000 a gundumar Bududa, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 250 da 'yan kai ba, wani babban yanki na wannan ɗin ma yana cikin gandun dajin Elgon da gwamnati ta killace ta hana noma a ciki. Ga kuma al'ada. Duk shekarar da lambarta take rabuwa biyu daidai, Bagisu suna bikin imbalu, inda ake yi wa samari kaciya a tsaye a gaban jama'a. Wanda ya jure wuƙa ya zama namiji, uba kuma zai yankar masa fili ya gina ɗaki ya yi aure. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne a kanta. Ƙasa ba ta ƙaruwa, sama an killace, kwari ya cika. Saurayin da ke son aure ba shi da inda zai nufa sai gangaren da kakansa ya ƙi taɓawa saboda tsininsa.

Mai masaukinmu, mahaifin abokin ɗan yayata, dattijo ne manomin kofi. Bayan mun ci dafaffiyar ayaba da miyar malewa, wato ƙyafaffen tohon gora da ake dafawa da gyaɗa, na faɗa masa abin da ke raina. Bai ba ni amsa a zaune ba. Tashi ya yi ya ja ni bayan ɗakinsa, ya nuna mini wani bangon jar ƙasa a tsaye, ya fi tsayin mutum, tazararsa da ɗakin ba ta wuce taku biyu ba. Ya ce duk mai son gini a gangare dole ya yanki cikin tudun ya baje kafin ya samu wurin kafa ginshiƙi, kuma shi da hannunsa ya yanka wannan. Ya san yankan nan cire wa tudu ƙafa ne. Ya nuna mini inda ruwan kwano yake zuba a gindin bangon, da 'yar hanyar ƙafa da ta sauko daga gidan ɗansa, wadda in ana ruwa take komawa magudana ta kwaso ruwan sama duka ta juye a wuri ɗaya. Ya haƙa ƙaramin lambatu ya jera duwatsu a ciki don ya karkatar da ruwan zuwa ƙorama. Ya ce kowace safiya ta damina, kafin ya duba saniyarsa, bangon nan yake fara dubawa.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ƙasar gangare tana zaune ne saboda ƙwayoyinta sun cije da juna, sun kuma cije da abin da ke ƙarƙashinsu. In ruwa ya yi kwanaki yana sauka, yakan nutse har ya tarar da shimfiɗar yumɓu ko dutsen da ba ya iya ratsawa, sai ya taru a nan. Ƙasar sama ta ƙara nauyi, ruwan da ya cika ƙofofinta kuma ya riƙa tura ƙwayoyin yana raba su, har cizon ya saki. Daga nan duk abin da ke sama, gona da bishiya da gida, sai ya sulale a kan jiƙaƙƙen yumɓun. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba ruwan farko ke kayar da katanga ba. Na Agusta ne, wanda ya kwana ya wuni yana yayyafi ya jiƙa ta har zuci, ga gindinta dama kwata ta cinye, sai cikin dare, bayan ruwan ma ya ɗauke, a ji rugum. Haka tudun Bududa yake, illa dai tsayin wannan katangar ɗaruruwan mitoci ne, mutane kuma a jikinta suke kwana.

An yi nazarin wurin sosai. Bayan ruwan El Nino na 1997, wanda zaftarewar da ya haddasa ta kashe mutum 48 a yankin, masana daga Beljiyam tare da Mary Goretti Kitutu, ma'aikaciyar hukumar kula da muhalli ta Yuganda a lokacin, wadda daga baya ta zama minista, sun bi tabban nan ɗaya bayan ɗaya suna aunawa. Sun ga cewa wuraren da gangare ya lotsa ciki, inda ruwa ke haɗuwa, su suka fi zaftarewa, kuma yankan tudu don gini yana da hannu a da yawa daga ciki. Akwai abu biyu da na ji a Bududa waɗanda ya kamata duk mai wa'azin dashen itace ya sani. Na farko, saiwa tana riƙe ƙasar sama ne kawai. In zaftarewar mai zurfi ce, ta ƙarƙashin saiwar take bi ta kwashe itacen a tsaye. Dashen itace yana da amfani, kuma manoman sun fi yaba itatuwan gargajiya masu zurfin saiwa a kan itacen turare da ake shukawa don katako, amma ba shi kaɗai ne magani ba. Na biyu, ramukan da malaman gona ke koyar da haƙawa a gicciye don tare ruwa ya nutse, waɗanda suke hana zaizayar ƙasa a wani wuri, a gangaren da ke shirin zaftarewa suna iya zama su ne ajalinsa, don shi abin da yake bukata a fitar masa da ruwa ne, ba a ɗura masa ba. Shawara mai kyau, in ba a dubi wuri ba, tana iya kisa.

Washegari muka hau zuwa Nametsi. Tafiya ce mai wuya, ƙafa tana nutsewa a taɓo, ana tsallake ƙoramu a kan itace. Ranar Litinin, 1 ga Maris, 2010, an wuni ana ruwa a nan. Da dare ya fara, wani ɓangare na tudun da ke saman ƙauyen ya saki. Laka da manyan duwatsu suka sauko a kan Nametsi da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, suka rufe gidaje, da shagunan 'yar kasuwar ƙauyen, da ɗakin shan magani. Da yawa daga waɗanda suka mutu fakewa suka yi wa ruwa a shagunan da asibitin, cikinsu har da 'yan makaranta, don nan ne gini mai ƙarfi, nan ne kuma hankali zai ba mutum ya nufa. Sama da mutum 300 suka salwanta a dare ɗaya. Babu hanyar da katafila za ta bi ta hau, saboda haka da fartanya da shebur da hannu sojoji da mutanen gari suka yi tono. Gawarwakin da aka samu ba su kai rabin waɗanda aka rasa ba. Sauran suna nan ƙarƙashin inda muka tsaya.

Wurin ya yi kore yanzu. In ba don duwatsun da suke zube barkatai ba, wasu girmansu ya kai ɗaki, baƙo zai wuce bai san kabari yake takawa ba. Wani mutum da muka tarar yana noma a gefen wurin ya ajiye fartanya ya gaishe mu. Abokin ɗan yayata ya yi mana tafinta. Mutumin ya ce ran nan ya sauka kwari sayar da ayaba, ruwa ya hana shi hawowa, ya kwana a can. Bai faɗi adadin waɗanda ya rasa ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi musu addu'a a zuciyata. Abin da ya faɗa da kansa shi ne, tun kafin ranar an ga tsaga a saman tudun, mutane sun yi ta zancenta a kasuwa. Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai. Ba a ɓoye alamar take ba.

Akwai wani nau'in zaftarewar kuma wanda wanda ke kwari ba ya ganin alamarsa a gonarsa. Ranar 11 ga Oktoba, 2018, a yankin Bukalasi, ƙasa ta zaftare can sama a dutsen ta faɗa cikin Kogin Suume. Kogin ya kwaso laka da itatuwa da duwatsu ya sauko da su a guje, ya share gadoji da gidaje da wurin cin kasuwa. Sama da mutum 40 suka mutu, da yawansu a wurin da suke ganin ba a gangare suke ba, balle su ji tsoro.

Wata safiya ƙanwar mai masaukinmu, wadda malamar firamare ce, ta ce in zo in ga darasin da take yi wa 'yan ajinta duk farkon damina. A waje ta yi shi. Ta sa yara suka jingina wani faffaɗan allon katako a kan dutse, suka shafe shi da danƙon yumɓu, suka tara jar ƙasa a kai, suka kakkafa 'yan tsinke a matsayin bishiyoyi da kwalin ashana a matsayin gida. Wata yarinya ta ɗauki gwangwanin da aka huda ta fara yayyafa ruwa. An daɗe ba abin da ya motsa. Sai malamar ta ɗauki wuƙa ta yanke gindin tulin ƙasar, ta ce wannan shi ne filin ginin baba. Yarinyar ta ci gaba da yayyafi. Wata siririyar tsaga ta buɗe a sama, tsinken suka karkata, ruwa mai launin ƙasa ya fara tsattsafowa daga inda aka yanka. Malamar ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, ta tambayi yaran me suka gani. Suka faɗa. Ta ce to yanzu ne lokacin tafiya, ba anjima ba. Sannan ta ce a ƙara ruwa, gaba ɗaya tulin ya sulale ya danne kwalin. Ba yaron da ya yi dariya.

Daga nan suka shiga bitar alamomi, tana tambaya suna amsawa. Tsaga a gona ko a daɓen ɗaki, musamman mai lanƙwasa wadda kullum take ƙara baki. Ayaba ko turken shinge da ya karkata ba iska. Ƙofar da jiya take rufuwa yau ta ƙi. Ruwa da ya ɓuɓɓugo a inda ba a san maɓuɓɓuga ba, ko tsohuwar maɓuɓɓuga da ta ƙafe a tsakiyar damina. Ƙoramar da ta rikiɗe ta zama laka. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta kogi: in ana tsaka da ruwa ka ga kogi ya ja baya ya ragu, kada ka tsaya kallo, wani abu ne ya toshe shi a sama, kuma in ya ɓalle da komai zai zo. Ta koya musu a kafa turke biyu, ɗaya a kowane gefen tsaga, a ɗaura igiya a tsakani, a riƙa dubawa safe da yamma. In igiya ta ɗame ko ta tsinke, ƙasa tana tafiya. Ta koya musu cewa mai gudu ba ya bin gangare ya yi ƙasa, don laka ta fi shi sauri. Gefe ake yi, a fita daga hanyarta a hau doron tudu. Kada a koma ɗauko akuya. A yi ihu, a buga jarka, a busa usur, a tashi maƙwabta. Daren da ruwa ya ƙi ɗaukewa, mutum ɗaya a gida ya zauna a farke yana saurare, kowa kuma ya kwana a ɗakin da ya fi nisa da bangon tudu.

Ta ƙara da wani abu mai nauyi a faɗa wa yaro: in ƙasa ta binne maƙwabta, kada kowa ya ruga wurin gaba ɗaya, sai an sa wani ya tsaya yana kallon sama, don tudun da ya saki sau ɗaya yana iya sake saki. Haka ta faru a Gofa, a kudancin Habasha, a Yulin 2024, inda zaftarewa ta biyu ta rufe mutanen da suka taru suna tonon waɗanda ta farko ta binne, aka rasa sama da mutum 200. Ina sauraronta ina tuna gida. Mu ba mu da tuddai irin waɗannan a yawancin ƙasar Hausa, amma kusan kowace shekara sai mun ji ramin ɗiban ƙasar gini ya rufta da samari, ko ramin haƙar zinariya ya danne masu haƙa, kamar yadda ya faru a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a Nuwamban 2021. Dalilin ɗaya ne, an ci gindi an bar sama a rataye, kuma mu ma rugawa muke yi gaba ɗaya mu tsaya a bakin ramin. Ban taɓa ganin an koya wa ɗan firamare wannan a wajenmu ba, alhali allo ɗaya da gwangwani sun isa.

Na yaba wa malamar ƙwarai, har yanzu kuma ina yaba mata. Amma da yara suka shiga aji, ita da kanta ta ce mini abin da take koyarwa rabin aiki ne. Yaro zai koma gida ya ce, baba, igiya ta tsinke. Uban ya san gaskiya yaron ya faɗa, don shi ma ya ga tsagar. To, sai me? Dare ne, ana ruwa, ga tsohuwa ba ta iya tafiya, ga jariri, ga saniyar da ita ce dukiyar gidan gaba ɗaya a ɗaure a rumfa, ga buhunan kofi da in an bar su ba lallai a dawo a tarar ba. Ina za su? In sun tafi yau ba abin da ya faru, gobe ma su tafi? Damina wata uku ce. Tsaga kuwa wata takan shekara goma ba ta motsa ba, wata ta kwana biyu ta kashe gari.

A nan ne na samu amsar tambayar da na taho da ita. Mutanen Bududa ba jahilci ne ya zaunar da su ba, ba kuma taurin kai ba. Sun fi duk wani baƙo sanin tudunsu. Ba su jingina abin ga ƙaddara suka naɗe hannu ba. Dattijon da ke duba bangonsa kowace safiya ya yarda da Allah, ya kuma haƙa lambatu. Abin da suka rasa wurin zuwa ne. Ina ganin zalunci ne a tara irin waɗannan mutane a ƙarƙashin bishiya a karanta musu alamomin haɗari, a raba musu takarda mai hoto, a hau mota a tafi, sannan in abin ya faru a ce ai an gargaɗe su. Wanda ka ce wa ya tashi, haƙƙinsa ne ka nuna masa inda zai sa haƙarƙarinsa.

Gwamnatin Yuganda ta gwada. Bayan Nametsi an fara tsugunar da waɗanda suka tsira a sansani a Bulucheke, daga baya aka kwashi iyalai kimanin 600 zuwa Kiryandongo, can yammacin ƙasar, aka ba kowane gida eka biyu da rabi. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, mai zafi, ruwansa bai kai na dutse ba. Manomin kofi da ayaba ya wayi gari yana koyon zama da masara, cikin mutanen da ba ya jin harshensu, nesa da kaburburan iyayensa, waɗanda a al'adarsu a cikin gona ake binne su. Wasu sun daure sun kafu. Wasu da yawa sun komo dutse, sun san abin da suka komo wa. Mutumin da muka tarar yana noma a Nametsi yana cikinsu. Daga baya aka sayi fili sama da eka 2,800 a Bunambutye, a gundumar Bulambuli, kusa da gida, aka gina gidaje, aka fara mai da mutane a 2019. Wannan ya fi na farko dacewa, don ko ba komai harshe ɗaya ne, dangi kuma suna kusa. Sai dai gidajen da aka gina ɗaruruwa ne, waɗanda ke zaune a wurare masu haɗari kuwa dubbai ne masu yawa, tudu kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. A ƙarshen Nuwamban 2024 ƙasa ta sake zaftarewa a tuddan Bulambuli ɗin kanta, ta binne gidaje da dama, aka tono gawarwaki, aka kuma ba da rahoton ɓacewar mutum sama da 100.

Saboda haka a ganina, kafin babban ƙaura ya iso kan kowa, ƙaramin ƙaura shi ne abin da ke ceton rai: na dare ɗaya, na mako ɗaya, daga gidan da ke ƙarƙashin tsaga zuwa gidan da ke kan doron tudu. Ba ya bukatar jirgi mai saukar ungulu. Yana bukatar a zauna tun rani a yanke wa zai kwana a gidan wa, wace makaranta ko coci ko masallaci ne masana suka duba suka tabbatar ba ya kan hanyar laka, don kada a maimaita abin da ya faru da waɗanda suka fake a asibitin Nametsi, wa ke riƙe da mabuɗin wurin, wa zai goya tsohuwa, wa ke da ikon cewa a tashi, kuma a yi alkawari ba za a zarge shi ba in gari ya waye lafiya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don mai gargaɗin da aka yi wa dariya sau ɗaya, karo na biyu shiru zai yi.

Irin wannan zaman na tarar ana yi a ƙauyen mai masaukinmu kafin mu sauko. Shugaban ƙauyen ne ya kira shi, tare da wani matashi ɗan sa-kai na Red Cross da ya zo da littafi da biro. Akwai tsaga a saman wasu gidaje, an kafa mata turaku, igiyar kuma ta fara ɗamewa. Aka bi gidajen da ke ƙarƙashinta ɗaya bayan ɗaya, ana kiran sunan magidanci, wani daga cikin na kan doro yana ɗaga hannu ya ce ya karɓe su. Mai masaukinmu ya karɓi wata bazawara da 'ya'yanta. Malamar ta ce za ta roƙi shugaban makaranta ya bar aji ɗaya a buɗe da dare. Aka ba samari biyu usur, aka raba musu kwanakin tsaro. Da aka zo maganar shanu sai murya ta tashi. Masu shanun suka ce ba za su bar su a ɗaure a ƙarƙashin tsaga ba, ba kuma za su iya jan saniya a santsi cikin duhu ba. Masu karɓar baƙi suka ce ba su da rumfa ko ciyawar da za ta ishi dabbar wani. Wani dattijo ya kawo shawarar a mai da shanun sama tun yanzu, masu su su riƙa kai musu ciyawa kullum, a bar wa mai rumfa takin a matsayin ladansa. Wasu suka yarda, wasu suka ce sai sun shawarci matansu, tunda su ne masu yankan ciyawa da tatsa. Hadari ya haɗo, aka ɗage maganar zuwa Lahadi bayan an taso daga coci.